Bayan saki, 'ya'ya na wa? Fashin baƙi kan uban da ya kai ƙarar riƙon yara

Mutum ya saki matarsa, ta gama idda, ta koma gidan iyayenta da yara biyu. Bayan wata shida ya aika a kawo masa 'ya'yansa, aka ce ba za a bayar ba. Ya yanko sammaci yana da yaƙinin cewa zama ɗaya za a yi a damƙa masa su. Sai alƙali ya ce yara su ci gaba da zama wurin uwarsu, shi kuma ya riƙa kawo kuɗin abinci da na makaranta da na magani duk wata. Shin an zalunci wannan mutumin?

Duk lokacin da labari irin wannan ya fito daga harabar kotu ya faɗa Facebook ko shirin rediyo, sai gari ya rabu biyu. Maza na cewa alƙalan zamani sun koma yi wa mata aiki, an mayar da uba mai biyan kuɗi kawai. Mata na cewa shekara da shekaru ana fizge yara daga bayan uwayensu ana kai wa kishiya ba wanda ya ce uffan, sai yau da aka taɓa namiji ake kururuwa. Kowane ɓangare yana magana ne da ciwon da ya gani a gidansu, ban kuma raina ciwon kowa ba.

Sai dai yawancin masu gardamar ba su san cewa hukuncin da ya fusata wannan uban ba daga Turai aka kwaso shi ba. Yana nan cikin Risala, littafin da ake biyawa a zaurukan malamanmu tun kafin Bature ya san hanyar Kano. Ba su kuma san cewa akwai wani haƙƙi na uba, na gaskiya, da ake dannewa kullum, wanda shi kansa uban bai cika nemansa a gaban alƙali ba, domin hankalinsa duka yana kan ƙwato yaran gaba ɗaya.

Abu uku da muke haɗawa mu kira riƙo

A bakin Bahaushe kalma ɗaya ce: wa ke riƙe da yaran? Fiƙihu kuwa ya tsaga maganar gida uku, kuma rabin rikicin daga cakuɗa su yake tasowa.

Na farko shi ne hadana, wato raino na yau da gobe: inda yaro zai kwana, wanda zai yi masa wanka, ya ba shi abinci, ya tashi da shi idan zazzaɓi ya rufe shi da tsakar dare. Na biyu shi ne walicci, ikon yanke shawara kan manyan al'amuransa: karatunsa, tarbiyyarsa, dukiyarsa idan yana da ita, da auren 'ya mace idan lokaci ya yi. Wannan na uba ne, saki ba ya taɓa shi ko kaɗan. Na uku nafaƙa, ci da sha da sutura da wurin zama. Ita ma a wuyan uba take. A mazhabar Malikiyya, ko da uwar attajira ce ba a ɗora mata ciyar da yaran matuƙar uban yana da hali. Zai ciyar da namiji har ya balaga ya iya nema da kansa, mace kuwa har ta tare a gidan mijinta.

Saboda haka maganar nan da ake yawan ji, "in ba za a ba ni su ba, to ba zan ciyar ba", ba ta da gindin zama. Nafaƙa ba ladan riƙo ba ce da za a ce an biya ba a karɓi kaya ba. Haƙƙin yaro ce a kan wanda ya haife shi, duk inda yaron yake kwana. Haka nan maganar wasu mata, "tunda a hannuna suke, ba ruwansa da su", ita ma ba ta da tushe. An ba ta raino ne, ba a tuɓe uban daga matsayinsa ba.

Ranar da Sayyadina Umar ya kai ƙara

Uban da ya fi kowa shahara a tarihin wannan gardama ba ƙaramin mutum ba ne. Imam Malik ya ruwaito a cikin Muwaɗɗa cewa Umar ɗan Haɗɗabi ya auri wata mace daga mutanen Madina, ta haifa masa ɗa mai suna Asim, daga baya suka rabu. Wata rana Umar ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci. Ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa kan abin hawa. Kakar yaron ta wajen uwa ta cim masa, ta ce ba za ta saɓu ba, har suka gurfana gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗansa ne, ita ma ta ce ɗanta ne. Abubakar ya umarci Umar ya sakar mata yaron. Mai ruwayar ya ce Umar bai ƙara mayar da magana ba.

A duba wannan da kyau. Ba a zargi Umar da rashin hali ko rashin tarbiyya ba, wa zai yi? Ba ma da uwar yaron ya kara ba, da kakarsa ce. Amma duk da haka aka ce ya bari. Wannan Asim ɗin kuma bai tashi ya zama ɗan wasu ba: da sunan Umar aka ci gaba da kiransa, kuma ta tsatsonsa aka sami Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, wanda jikan Asim ne ta wajen uwa.

Abubakar bai ƙirƙiri hukuncin da kansa ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wata mace ta zo wurin Manzon Allah (SAW) ta ce cikinta ne ya ɗauki yaron nan, ƙirjinta ya shayar da shi, cinyarta ta zame masa makwanci, ga shi ubansa ya sake ta yana son raba ta da shi. Aka amsa mata cewa ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. A cikin Buhari kuma, lokacin da Aliyu da Zaidu da Ja'afar suka yi jayayya kan wanda zai riƙi 'yar Sayyadina Hamza, an ba Ja'afar ne saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, aka ce 'yar'uwar uwa a matsayin uwa take.

Abin da alƙali ke buɗewa ya karanta

A Najeriya, al'amuran aure da saki da riƙon yara na Musulmi suna zuwa ne gaban kotunan shari'a ko kotunan yanki, kuma da fiƙihun Malikiyya ake hukunci. Wannan ya daɗe kafin Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'a a 1999. Wanda bai gamsu ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin sauraron irin waɗannan batutuwa. Hanya a buɗe take har Kotun Ƙoli, ga mai kuɗin lauya da haƙurin shekaru.

Littattafan da ake komawa gare su sanannu ne. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan na ƙarni na 10, ta faɗi maganar a taƙaice: bayan saki raino na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta rasu ko ta yi aure, sai kaka, sai 'yar'uwar uwa. Muhtasar na Shehu Halil, malamin Masar na ƙarni na 14, ya jero layin filla-filla: uwa, sai mahaifiyarta, sai kakarta, sai 'yar'uwar uwar, sai 'yar'uwar mahaifiyar uwar, sai kakar yaro ta wajen uba, sannan uba. Mata shida ke nan a gabansa kafin layi ya iso kansa.

Nan ne maza da yawa ke rikicewa, domin sun taso suna jin cewa da yaro ya kai shekara 7 ya zama na uba. Maganar tana da asali, amma a wasu mazhabobi. Hanafiyya ce ta ce namiji ya koma wurin uba a shekara 7, mace a 9. Shafi'iyya ta ce idan yaro ya yi wayo a ba shi zaɓi tsakanin iyayensa. Hambaliyya ta ba namiji zaɓi a shekara 7, ta mayar da mace wurin uba. A cikin mazhabobin nan huɗu, tamu ce ta fi barin yaro ya daɗe a hannun uwa. Uban da ya ji fatawar wani malami a YouTube ya shiga kotu a Katsina ko Sakkwato da ita, zai tarar alƙali na karanta wani littafi dabam.

To daga ina muka samo "ɗa na uba ne"?

Daga al'ada, kuma al'adar tana da dalilanta. A tsarin gandu, yara hannayen noma ne, gidan uba kuma shi ne gida: can ake gado, can ake kiran suna. Macen da aka saki ba ta daɗewa a zawarci, mai nemanta kuwa ba kasafai yake marhabin da agola ba. Iyayenta ma, idan talauci ya yi musu katutu, su ne ke fara cewa a mayar wa mutum da 'ya'yansa, ba za su ci da 'ya'yan wani ba yana can yana sabon aure. Ga kuma sabon da muka yi da bayar da riƙo ga kaka ko gwaggo ko baffa, wanda ya sa raba yaro da uwarsa bai zame mana abin firgita ba. Haka aka wayi gari abin da aka sani shi ne: mai goyo ta tafi da goyonta, ranar yaye a zo a ɗauka.

Mata da yawa sun bar 'ya'yansu suna kuka ba don shari'a ta ce su bari ba, sai don ba su san suna da haƙƙi ba, ko sun sani amma kunya da kara sun hana su kai uban 'ya'yansu gaban alƙali. Abin da ya canza a shekarun nan shi ne makarantun Islamiyya na matan aure, da shirye-shiryen malamai a rediyo, da matan da ke da albashi ko sana'ar da za ta riƙe su. Yanzu bazawara tana iya cewa a'a, ta kuma faɗi babin da ta dogara da shi. Uban da ke ganin an sauya doka a kansa, ba doka aka sauya ba. Al'adar da ya gada ce ta yi karo da littafin da dama yana nan.

Ƙofofin da uba ke bi ya yi nasara

Ba a rufe wa uba hanya ruf ba. Akwai ƙofofi, sai dai kowacce tana da sharaɗi, kuma ba duka ke ɓullewa ɗakinsa ba.

Wadda aka fi sani ita ce auren uwa. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, rainonta ya faɗi. Amma ba hannun uba yake faɗawa ba, hannun mahaifiyarta yake komawa, kamar yadda ya faru a shari'ar Umar. Sharaɗin da aka gindaya wa kakar shi ne kada ta kasance gida ɗaya da 'yar tata da haƙƙinta ya faɗi. Akwai kuma togaciya: idan sabon mijin muharramin yaron ne, kamar baffansa, raino bai faɗi ba. Idan jariri ne da ya ƙi karɓar nonon kowa sai nata, bai faɗi ba. Idan wanda haƙƙi ya koma kansa ya san ta yi aure ya yi shiru shekara guda ba tare da uzuri ba, ya makara. A gefe guda, zancen da ya fi shahara a mazhabar shi ne idan wannan aure na biyu ya mutu, rainon ba ya dawo mata. Wannan hukunci yana da nauyi a kan mata ƙwarai, shi ya sa za ka ga yarinya 'yar shekara 25 ta zaɓi zaman zawarci don kada a raba ta da 'ya'yanta.

Ƙofa ta biyu ita ce cancantar mai raino. Dole ta kasance mai hankali, mai iko da ɗawainiyar, mai amana, mai wurin zama da ke da tsaro musamman ga budurwa, ba kuma mai ciwon da zai cutar da yaron ba. Uban da ya kawo hujja cewa an cire 'yarsa daga makaranta an ɗora mata talla har dare, ko ana barin yara su kaɗai kwana da kwanaki, yana da magana mai ƙarfi. Amma hujja ake nema, da shaidu. "An ce mini tana yawo" ba hujja ba ce, kuma wanda ya jefi tsohuwar matarsa da alfasha a gaban alƙali ba tare da shaidu ba, yana iya shiga da ƙarar riƙo ya fito da tuhumar ƙazafi. Ko ya ci nasara ma, sai a duba wadda ke bi mata a layi.

Ta uku ita ce tafiya, kuma ita ce ƙofar da ta fi buɗe wa uba kai tsaye. Idan zai ƙaura ya koma wani gari da zama na dindindin, nisan da fuƙaha'u suka ƙiyasta da baridi shida, wato sama da kilomita 100, yana da damar tafiya da yaron sai fa idan uwar ta yarda ta bi su. Haka idan ita ce za ta yi irin wannan ƙaura, haƙƙinta na iya faɗuwa. Dalili shi ne walicci ba ya yiwuwa daga nesa. Daga Kano zuwa Legas ya shiga wannan lissafi, daga Kano zuwa Wudil bai shiga ba. Tafiyar fatauci ko ziyara ba ta cikin maganar, kuma an shar'anta hanya da garin da za a je su kasance da aminci, sharaɗin da a yau ba wasa ba ne a wasu hanyoyinmu. Malaman sun san za a iya fakewa da wannan don a ƙuntata wa uwa, shi ya sa suka ce a rantsar da mutum cewa da gaske ƙaura zai yi.

Akwai kuma hul'i. Malikiyya ta yarda mace ta fanshi kanta da sarayar da raino. A ganina alƙali ya kamata ya tsaya tsayin daka a nan, domin macen da ta ƙosa ta fita daga gidan da take shan wuya za ta sa hannu a kan kome, yaron da ake ciniki a kansa kuwa ba a tambaye shi ba.

Duk ƙofar da uba ya bi, akwai sharaɗi ɗaya da ke jiransa a ciki: namiji ba ya karɓar raino sai yana da macen da za ta yi aikin, mata ko uwa ko wata amintacciya. Tambaya ce da ya kamata kowane uba ya yi wa kansa tun kafin alƙali ya yi masa. Shi yana kasuwa ko ofis tun safe har magariba. Wa zai riƙe yaran? Sau tari amsar ita ce amaryar da aka kawo bayan fitar uwarsu. Akwai matan uba na ƙwarai da suka riƙi 'ya'yan miji kamar nasu, Allah ya saka musu. Amma kowace unguwa ta san labarin ɗaya ɓangaren.

Inda kukan uba yake da gaskiya

Yanzu ga abin da ake yi wa maza wanda ba a faɗa sosai. Shi dai wannan Muhtasar da ya ajiye uba a na bakwai, shi ne ya ce uba yana da haƙƙin bibiyar ɗansa, da tarbiyyantar da shi, da tura shi makaranta. Tun daga Imam Malik aka bayyana yadda abin zai kasance: yaro ya je wurin ubansa da rana don tarbiyya da karatu, ya koma ya kwana wurin uwarsa. Hoton da malaman ke gani shi ne na yaro mai gida biyu a gari ɗaya, yana shiga nan yana fita can.

Abin da ke faruwa a ƙasa dabam ne. Mutum ya je ƙofar gidan tsofaffin surukansa, inda ko lokacin da aure ke raye da kunya yake shiga. Ya yi sallama, ya tsaya a rana, a aiko yaro ya ce ba sa nan. Ya kira waya a ƙi ɗauka. A canza wa yara makaranta bai sani ba, sai takardar kuɗin zango ta iso masa. Sallah ta zo ya ɗinka kaya ya aika, bai ga wanda ya sa ba. Mafi ciwo, a cika kunnen yaro da laifin ubansa har ya gan shi a hanya ya sunkuyar da kai. Namiji a wurinmu ba ya kuka a bainar jama'a, don haka ba a ganin wannan ciwon. Sai ya fito da siffar fushi, ko janye ciyarwa, ko zuwa makaranta a ɗauke yaro da ƙarfi, abin da ke ƙara ɓata masa shari'arsa. Ita kuma ta ce tunda ya daina kawowa ba zai ƙara ganinsu ba. Haka za a yi ta yi har yaran su girma.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Zawarawa nawa ne ke wankau da surfe don ciyar da yaran da ubansu yana nan da ransa da lafiyarsa, bai taɓa aiko ko sabulu ba? Waɗannan mazan su ne suka ɓata wa sauran suna, har idan uba na ƙwarai ya ce yana kewar 'ya'yansa sai a ɗauka dabara ce ta gudun biyan kuɗi. Alƙur'ani a aya ta 233 ta Suratul Baƙara ya haɗa ɓangarorin biyu a jimla ɗaya: kada a cutar da uwa saboda ɗanta, kada kuma a cutar da uba saboda ɗansa. Mun saba jin rabin farko daga bakin mata, rabi na biyu daga bakin maza.

Babban giɓin shi ne babu rubutacciyar dokar iyali da ta fayyace yadda za a yi. Alƙali na iya cewa uba na da damar ganin 'ya'yansa, amma yaushe, a ina, na tsawon wane lokaci, kuma me zai faru idan aka hana? Idan hukunci bai faɗa ba, sai an sake komawa kotu, a sake biyan kuɗin mota da na lauya, a sake jiran ranar da za a ɗaga.

Wasu ƙasashen Musulmi sun riga mu shiga wannan rami. A Masar, dokar 2005 ta bar yara a hannun uwa har shekara 15, ganin da aka tsara wa uba kuwa awa uku ne a mako, a wurin taruwar jama'a kamar kulob ko lambun shaƙatawa. Shekaru ke nan iyaye maza a can suna fafutukar a ba su damar yaro ya kwana a gidansu. Maroko, wadda 'yar Malikiyya ce kamar mu, ta bi wata hanyar a dokar iyalinta ta 2004: ta ɗago uba zuwa na biyu bayan uwa, gaba da kaka, ta ba yaro zaɓi idan ya kai 15, ta ce auren uwa ba ya kayar da rainonta idan yaron bai wuce shekara 7 ba, ta kuma ware sassa na musamman kan ziyara, inda kotu ke tsayar da lokaci da wuri idan iyaye sun kasa daidaitawa. Ana iya yarda da zaɓinsu ko a ƙi, amma aƙalla uba da uwa sun san abin da ke jiransu.

A nan gida, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya taso da batun dokar iyali a farkon 2017, malamai da masana shari'a suka yi aiki a kan daftari. Muhawarar jama'a ta maƙale a kan batu ɗaya, na hana marar hali ƙara aure, har aka sauke shi daga sarauta a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba. Batun riƙo da ziyara da ciyarwa, wanda ya shafi gidaje fiye da kima, ya nutse a cikin hayaniyar. A Jamhuriyar Nijar ma yunƙurin kafa kundin dokar iyali ya sha cin tura, al'ada ce ke jan ragamar yawancin shari'o'in.

Idan auren rajista ne fa?

Wanda ya yi aure a ƙarƙashin dokar aure ta gwamnati, babbar kotun jiha zai je, kuma dokar 1970 ta shari'o'in aure ce za ta yi aiki. Sashe na 71 nata ya ce maslahar yaro ita ce gaba da kome. Babu layin dangi a can, babu fifikon uba ko uwa a rubuce, ko da yake alƙalai sun fi karkata ga barin ƙananan yara wurin uwa. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ma da wannan ƙa'ida ta buɗe, jihohin Arewa kuma sun yi ta kafa irin tasu, Kano a 2023.

Me uba zai nema idan ya shiga kotu?

Kafin kotu akwai sulhu: manyan dangi, limamin unguwa, mai unguwa, ko Hisba a jihohin da take. Su ba kotu ba ne, amma yarjejeniyar da aka rubuta a gabansu aka sa hannu ta fi alkawarin baki. Ofishin 'yan sanda kuwa ba wurin raba riƙon yara ba ne, kuma yaron da aka kai can ya ga iyayensa suna zage-zage ba ya mantawa.

Idan abin ya kai ga alƙali, uban da ba shi da ɗaya daga cikin hujjojin da aka ambata, ya ce lallai sai an ƙwace yara an ba shi, yawanci zai fito hannu rabbana, ya ƙara wa kansa gaba. Wanda ya nemi abin da littafi ya riga ya ba shi kuwa, da wuya a hana shi. Ya roƙi a rubuta ranakun cikin hukunci: kowace Juma'a bayan masallaci, ko Asabar da Lahadi, rabin hutun makaranta, Sallah ɗaya a nan ɗaya a can. A rubuta wanda zai kawo yaran da wanda zai mayar da su, domin kada ya ƙara tsayuwa a ƙofar gidan da ba a son ganinsa. A rubuta cewa ba za a canza makaranta ko a bar gari da su ba sai da saninsa. Kuɗin ciyarwa a ƙayyade shi gwargwadon samunsa, ya riƙa turawa ta banki ko ta hanyar da za ta bar shaida, kuɗin makaranta ya biya kai tsaye ya ajiye rasit. Ita ma uwar wannan rubutun kariya ce gare ta, domin adadin da aka yanka shekara uku da suka wuce ba ya sayen abin da yake saye a da, tana da damar komawa ta nemi a sake dubawa.

Akwai wata rana da ya kamata iyayen biyu su riƙa tunawa tun yanzu. Yarinyar da ake ja-in-ja a kanta tana shekara 4, wata rana za a zo neman aurenta. Duk shekarun da ta yi a ɗakin uwarta ko kakarta, masu neman za a tura su wurin ubanta ne, domin shi ne waliyyi. A wasu gidajen, ranar ce uba zai zauna a kan tabarma a tambaye shi halin 'yarsa da abin da take so, ya rasa abin faɗa, don rabonsa da zama da ita tun tana koyon magana.